Takardar da Bashar Ya Tsinto a Shinge

A Illela akwai ladabin da ba a koya wa mutum, da shi ake haihuwarsa: abin da idonka ya gani a tasha, a tasha za ka bar shi. In ka ga babur ya sha kaya har ba a ganin mai tuƙi, ya bar titi ya bi ta bayan gari, to ba ka gani ba. Garin bakin iyaka ne, ga Konni nan kusa, kuma tukwane da yawa a garin da gumin 'yan fito suke tafasa, wato masu baburan da ke ƙetarar da kayan 'yan kasuwa ta ɓarauniyar hanya. Mai dogon baki a nan ba dukansa ake yi ba. Daina amsa masa sallama ake yi, a daina sayen abin da yake sayarwa, a bar masa bikinsa da zaman makokinsa shi kaɗai, har ya tattara ya bar garin da ƙafarsa.

Attahiru shi ne ciyaman na 'yan fito a ƙaramar tasha. Shekararsa ashirin da bakwai a kan babur, kuma irin mutanen nan ne da in ka cika yi musu fara'a sai su wuni suna tunanin abin da kake nema a wurinsu. Shi bai ɗauki wannan a matsayin aibi ba. Cewa yake da halin nan ya kai furfura ba a taɓa ƙwace masa ko kwalin taliya ba.

To, a cikin mako biyu sai aka tare mutanensa sau uku. Aka tare Bashar, aka tare Mukhtar, aka sake tare Bashar, wannan karon har da babur ɗin aka riƙe. Dukansu da rana tsaka ne, lokacin da aka san masu kaki suna gindin bishiya suna shan iska, kuma duk a hanyar da sai da safiyar ranar aka zaɓe ta. Ba sai an faɗa ba, kowa ya san akwai mai kai magana. Aka koma shan shayi ana kallon juna ta wutsiyar ido.

Ranar Alhamis Bashar ya je shingen masu kaki roƙon babur ɗinsa. Bai dawo da babur ba, da takarda ya dawo. Ya kira Attahiru da Mukhtar da wasu dattawa uku cikin rumfar ƙungiya, ya saki buhun da ke tare ƙofa, sannan ya zaro ta daga aljihu ya shimfiɗa a kan benci. Fallen littafin makaranta ne, ya sha mai har ana ganin katako ta cikinsa.

"Bisa teburinsu na gan ta," in ji Bashar. "Ni ban iya Turanci ba, amma na san sunana in na gan shi. Ga shi nan layin farko."

Mukhtar ne ya yi sakandare, shi aka miƙa wa. Ya bi layi da yatsa a hankali. A sama akwai kwanan wata, Talatar makon jiya, da ƙarfe goma sha ɗaya da rabi.

"Bashar is tying his load. Wai Bashar shina ɗaure kayanai. Mukhtar is pushing his machine, ni ke nan, ina tura mashin. They are going to Kalmalo road. Suna tahiya hanyar Kalmalo." Ya ɗago kai. "Ciyaman, ranar ga anka tare ni. Hanyar Kalmalo kuwa."

Dattawan suka matso kan takardar.

"Da saura layi guda," in ji Mukhtar. "Maigida is holding his back. Wai Maigida shina dahe da baya."

Wani dattijo ya yi gajeruwar dariya wadda babu daɗi a cikinta. Ai maganar ta fito. Mace ce ta yi rubutun, kuma matar ɗaya daga cikinsu, don duk sunayen da ta sani ta zayyana ba kunya, sai da ta zo kan na mijinta hannunta ya ƙi. Amma wane maigidan? Bashar ya ce wa ba ya ciwon baya a cikinsu, ai duk wanda ya shekara biyar yana fito bayansa ya gama aiki.

Attahiru ya kafe takardar da ido. Tun kafin Mukhtar ya buɗe baki ya riga ya ga abin da ya gani. Haruffan duk sun kwanta baya, irin na wanda ya fara riƙe alƙalami a allo ya girma yana rubutu daga dama. Kullum yana ganin irinsu a jikin kwalaben turaren wuta da ake haɗawa a tsakar gidansa. Hannun Ramatu ne, matarsa. Kuma wata uku ke nan bayansa yana cinsa, yana ɓoye wa yaran tasha don kada a fara maganar ciyaman ya tsufa. In abin ya motsa, bayan tankin ruwa yake zagayawa ya dafe ƙugu ya huta, inda ya tabbata babu mai ganinsa.

"Wuri guda ne ake hangen tashar ga duka," in ji Mukhtar, ya nuna sama da haɓa.

Benen Islamiyyar Malam Abdulmalik yake nufi, wanda ke kallon tashar daga gabas. A nan matan aure ke karatun Alƙur'ani da safe. Wata huɗu da suka wuce Malam ya ƙara musu awa ɗaya ta Turanci, don masu sana'a su riƙa gane saƙon waya da takardar asibiti, ya kawo wata malama mai suna Shahida. Baƙuwa ce, Hausarta irin ta rediyo. An ce mijinta ma'aikaci ne a Sakkwato. Wane aiki? Babu wanda ya sani. Kowace Alhamis tana shiga mota ta tafi, sai yammacin Juma'a ta dawo. Da ma ana ganin kawunan mata a tagogin benen da hantsi, kowa ya ɗauka iska suke sha. Matan 'yan fito shida ne a ajin.

Nan take aka yanke magana. Ranar Asabar da hantsi za a je wurin Malam a titsiye malamar ta faɗi mai rubutun. Kafin nan kada kowa ya kai zancen gida.

"Wadda duk ta rubuta," in ji Bashar, "ko uwata ce sai ta bar garin ga."

Attahiru ya ce haka ne. Da bakinsa ya faɗa, kowa ya ji.

A hanyar gida ya tuƙa babur a hankali kamar mai ɗauke da ƙwai. Ramatu ba ta taɓa yi masa ƙarya ba, iyakar saninsa. Wannan iyakar sanin ita ta tsaya masa a wuya. Bara waccan ɗansu Uzair ya faɗi da kaya a hanyar daji ana binsa, ƙafarsa ta karye gida biyu, har yau da sanda yake tafiya. A barandar asibiti Ramatu ta faɗi wata magana tana kuka, ta ce da tana da iko da ta toshe hanyar nan da hannunta, kowa ya huta. A lokacin ya ɗauke ta maganar uwa. Yanzu ta dawo masa da wata fuska daban, kuma da ya kore ta sai ta sake zagayowa.

Ya tarar da Ramatu a inuwar ɗaki tana cika kwalabe, gidan duk ya ɗauki ƙamshin sandal. Ta yi masa sannu da zuwa, ta kawo ruwa, ta kawo shinkafa da wake. Ya zauna yana ci yana kallon hannunta.

"Wai ni karatun ga naku," ya ce, kamar wanda zancen ya faɗo masa haka kawai, "mi ake koya muku yanzu?"

Fuskarta ta washe. Wata huɗu tana zuwa ajin nan, bai taɓa tambaya ba sai yau.

"Abin da mutum ke cikin yi yanzu-yanzu, Malam. Ba wanda ya yi jiya ba, ba wanda za shi yi gobe ba. Ka ga kai yanzu, you are eating. Ni kuma I am sitting. Sai ka sa wutsiyar ga ta ing a ƙarshe. Ni wani lokaci ƙaramar kalmar tsakiya nike mancewa, Malama ta yi ta zagaye mini da jan biro."

"To ina kuke samun abin rubutawa?"

"Taga. Tac ce mu bar kwafar na littahi, duk yaran Turawa ne ke wasan ƙwallo ciki. Mu tashi mu leƙa waje, abin da ido ya gani a lokacin shi za mu rubuta, mu sa rana mu sa lokaci." Ta yi dariya. "Hadijatu matar Mukhtar ran nan akuya ta samu, layi biyar duk akuya, tana ci, tana gudu, tana kwance."

Ya yi murmushi don ya ga ana bukatar murmushi a wurin. Amsar ta zo sumul, ba gargada, kuma wannan sumul ɗin ne bai yi masa ba. Mai gaskiya yakan ɗan yi tuntuɓe, haka ya gaya wa kansa. Da ta yi tuntuɓen kuwa, da cewa zai yi ga shi nan ta rikice. Attahiru ke nan. Tambaya ɗaya ta rage, gajeruwa, wadda ko yaro zai iya yi: takardarki ce aka tsinta a shinge, yaya aka yi? Ya juya ta a baki har abincin ya ƙare, ya haɗiye ta da ruwa. Tsoron amsar yake yi, gaskiyar magana ke nan.

Alkawarin kada a kai zance gida kuwa bai ga sallar isha'i ba. Namiji shida kowanne ya koma gida da fuska a murtuke yana tambayar ina jakar makaranta, ai ko kurma ya ji. Kafin a sauko Juma'a an yi faɗa a gidaje uku, an ce har Mukhtar, wanda sunansa ke cikin takardar, ya sa matarsa Hadijatu ta rubuta masa sunansa sau goma yana gwadawa da hannun da ya gani. Attahiru dai bai yi faɗa ba. Ya jira Ramatu ta shiga maƙwabta barkar haihuwa, ya shiga ɗakinta. Jakar tana nan kan gado, a buɗe ma, littafin a sama. Ya ɗauka yana jin kunyar kansa, amma bai ajiye ba. An yage falle biyar daga tsakiya, tsaf, da kulawa. Ya tsaya yana shafa guntayen da suka rage a jikin zare. Ɗaya tana aljihun Bashar. Huɗun fa, teburin wa suke?

Da ta dawo ta dubi jakar, ta dube shi. Ta tambaye shi ko a ɗora masa ruwan zafi ya gasa bayansa. Ya ce a'a, bayansa lafiya lau.

Asabar da hantsi Malam Abdulmalik ya ɗage karatu, ya karɓe su a zauren gidansa. Dattijo ne mai sanyin magana, wanda rabin mutanen da ke zaune a gabansa shi ya yanka musu ragon suna. 'Yan fito kusan ashirin suka cika tabarmi, Attahiru a gaba kusa da Malam. Aka ajiye wa Malama Shahida kujera a bakin ƙofar da ke shiga cikin gida. Ta fito da hijabi ruwan toka, ta yi sallama, aka amsa can ƙasa-ƙasa. Ba ta kai shekara talatin ba.

Malam ya miƙa mata takardar. Ta duba sau ɗaya.

"Aikin ajina ne. Ga makina nan."

"To mi ya kai shi shinge?" in ji Bashar.

Ta ce ba ta sani ba, amma tana da zato. Ɗalibai kan yage falle su ba ta, ta duba ta mayar wa wadda ta zo. Waɗanda suka kwana biyu ba a karɓa ba takan zuba su a kwali ƙarƙashin matakala. Ta sha ganin Tasalla mai ƙosai tana ɗiba. Ga mai nan a jikin takardar, kowa yana gani.

Aka aika aka kira Tasalla daga bakin kaskonta. Tsohuwa ta zo tana goge hannu da zane, ido ya raina fata. E, tana ɗibar takarda a ƙarƙashin matakala. E, masu kaki kan aiko a saya musu ƙosai, kamar yadda kowa ke saya. Wannan takardar fa? Ta juya ta gaba da baya, ta ce ita duk takarda takarda ce a wurinta, ba za ta yi rantsuwa a kan abin da ba ta sani ba. Aka sallame ta.

Wasu suka fara gyaɗa kai, har da Attahiru. Sai Mukhtar ya gyara zama.

"Allah gafarta Malam, in ni za ni aika da saƙon da ba ni son a gane, ai cikin ƙosai za ni naɗe shi. Kuma ko mun yarda tsautsayi ne, mi ya sa sai tashar ga? Ga kasuwa, ga masallaci, ga titi. Mi ya sa sai da rana da lokaci?"

"Tagogin ajin duk tasha suke kallo," in ji Malama Shahida. "Lokaci kuma darasin ne ya ƙunsa. Ina so su gane abin da ake cikin yi a daidai lokacin da ake magana. Ban san akwai abin da ba a so a gani a wurin ba. Da na sani da na rufe tagar. Wannan kuskurena ne, kuma ina ba ku haƙuri."

"Mijinki ina shike aiki?"

"A asibiti, ɗakin gwajin jini."

Wani a baya ya ce a hankali, kowa ma haka zai ce. Magana ta koma inda ta fito. Bashar ya ce su ba dogon zance suka zo yi ba, suna kawai suke so. A kira mai rubutun ta zo bayan labule ta faɗi ko ita ta kai ko ba ita ba, Malam ya ba ta Alƙur'ani ta dafa, a wuce wurin.

Malama Shahida ta ninke takardar ta ajiye a kan tabarma.

"Na san hannun. Ba zan faɗa ba. Ni na sa ta ta leƙa, ni na sa ta ta rubuta. Na ji abin da ake yi wa wanda aka kira da wannan sunan a garin nan, ko ya rantse ko bai rantse ba. Ba zan miƙa ɗalibata ba."

Tun da ta fito ta dubi Malam, ta dubi Bashar, ta dubi Mukhtar, har Tasalla ta duba. Attahiru kaɗai ne idonta bai taɓa sauka a kansa ba, ko sau ɗaya. Ya lura da haka. Wato ta san ko shi wane ne, ta kuma san ya sani. Maimakon abin ya ba shi kunya, sai wani tunani ya faɗo masa: me ya sa take kare Ramatu haka, in ba akwai abin da ke tsakaninsu ba?

Malam Abdulmalik ya juyo gare shi. "Ciyaman, kai ne babba. Ba mu ji ta bakinka ba."

Kowa ya zuba masa ido. Maganar tana nan a kan harshensa, ya ma ji yadda za ta fito: hannun iyalina ne, na san ta shekara talatin, ku zo ku tambaye ta a gabana. Da ya faɗa da murya ɗaya, a matsayinsa, da wuya a samu mai ja. Amma kafin mutum ya faɗi irin wannan magana sai ya tabbata, shi kuwa falle huɗu suna yawo a kansa, da barandar asibiti. In ya tsaya mata, gobe wata takardar ta fito fa? Ya ce wa kansa rufa mata asiri yake yi, kuma wane namiji ne ba zai rufa wa matarsa asiri ba.

"Allah gafarta Malam," ya ce, "tunda Malama ta ɗauki laihin, mu ba mu da sauran magana da matanmu. Amma zaman ajin ga bisa kanmu ba shi yiwuwa."

Shi ke nan. Malam ya ce makarantarsa ba za ta zama sanadin rabuwar kan gari ba, an rufe ajin Turanci daga yau. Ya ba Malama Shahida haƙuri da kalmomi masu kyau. Ta ce ba komai, za ta bi motar la'asar. Ta tashi ta shige ciki. A waje Bashar ya kama hannun Attahiru da hannu biyu ya ce wallahi Ciyaman ya iya shugabanci.

Ya iso gida bayan azahar yana jin kamar ya sauke buhu. Har tsire ya tsaya ya saya, abin da ya manta rabon da ya yi. Ya tarar da Ramatu zaune a bakin gado da hijabinta a jiki, takalmanta a gabanta. Labari ya riga shi isowa, ba a ma bukatar tambaya.

"An kashe wutar," ya ce, ya ajiye ƙunshin. "Sunanki bai hito ba. Ba kuma shi hitowa."

"Sunana," in ji ta.

"Na gane hannunki tun ranar Alhamis. Ban hwaɗa ma kowa ba."

"Na san ka gane. Tun da ka tambaye ni karatu na san da magana, kai da ko littahina ba ka taɓa ɗagawa ba. Da Hadijatu ta gaya mini abin da ke cikin takardar, sai na buɗe jaka na aje maka bisa gado. Na ce in ya gani za shi tambaye ni. Kwana biyu ina jira, Malam."

Ya ce ai bai so ya tayar mata da hankali ba ne.

Ta dube shi, ba da fushi ba, da ma fushin ne da ya fi masa sauƙi.

"Ni ba ni shiga zauren maza. Bakina a can kai ne. Har anka aiko mini an tashi ina cewa a raina, yanzu za shi miƙe shi ce, hannun iyalina ne, ƙosai ne ya kai ta, ku bar baiwar Allah ta yi aikinta. Wanda ya yarda da matarsa haka shika yi. Ɓoyewa sai mai laihi ake ɓoyewa." Ta numfasa. "Baƙuwar da ta san ni wata huɗu ta tsaya mini gaban maza ashirin."

"Ramatu, garin ga kin san shi."

"Na san shi. Ni ma da nawa laihin. Da na buɗe baki tun jiya na ce maka tawa ce, da wataƙila yarinyar ga ba ta rasa aikinta ba. Na yi shiru don in ga abin da za ka yi, ita kuma ta biya. Wannan ni da Allah." Ta sa takalmi ɗaya, ta sa ɗayan. "Ina neman izini in tahi tasha in roƙe ta gahwara kahin motarta ta tashi."

Tasha, da rana, gaban kowa. Duk wanda ya ga matar ciyaman tana riƙe da hannun malamar nan a bakin mota ba sai an yi masa bayani ba. Ya buɗe baki zai faɗi haka, ya ga ta riga ta sani, kuma saboda hakan ma za ta je. Ya ce a dawo lafiya.

Ta kai bakin ƙofa ta ɗaga labule. A nan ne abin ya kuɓuce masa. Bai yi niyya ba, wallahi bai yi niyya ba, amma kwana biyu tambayar tana cinsa, kuma sai ta fito a lokacin da ya fi kowane lokaci muni.

"Sauran falle huɗun fa? Ba ke ce kika kai ba dai, ko?"

Ta tsaya da labulen a hannu. Ta daɗe ba ta juyo ba.

"In na ce a'a yanzu, Malam, yarda za ka yi?"

Ya nemi amsa. Ta ba shi lokaci, ta jira shi sosai, har ya ji ana kiran lodin Sakkwato daga nesa. Da ta ga babu, sai ta saki labulen ta fita.